Hoto ma yana da bakinsa: Linkon a hannun masu zane uku

Ya kai mai karatu, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Haka ne, amma ba kullum ba. Mai zane kamar maroƙi yake: yakan yi kirari, yakan kuma yi zambo. Zo mu dubi zane uku na mutum guda, mu gani.

Mutumin shi ne Abraham Linkon, wanda ya shugabanci Amurka daga 1861 zuwa 1865. A zamaninsa ƙasar ta rabu biyu, Arewa da Kudu suka shiga yaƙin basasa. Tushen rigimar bauta ce, don a 1860 bayi baƙar fata sun kusa miliyan 4. Ran 1 ga Janairu 1863 Linkon ya sa hannu ga takardar ƴanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Zanen nan uku duk a kan wannan takarda suke.

Na farko na yabo ne. Francis Carpenter ya yi wajen wata shida a fadar shugaban a 1864 yana aikinsa da fenti. Ya nuna Linkon zaune da takardar a hannu, ministocinsa bakwai kewaye da shi, kowa ya natsu. Yanzu zanen yana rataye a ginin majalisar dokoki a Washinton. Aikin yana da kwarjini, fuskokin kuma sun yi kama da masu su. Amma duba da kyau. Maganar bayi ake yi, ga shi babu bawa ko guda a ɗakin. Abin da ya tsaya a madadinsu wata taswira ce da aka jingine a ƙasa can gefen dama, mai nuna yawan bayi a jihohin Kudu. Mutum miliyan 4 sun koma takarda a lungu.

Na biyu zambo ne tsantsa. Adalbert Volck, likitan haƙori a garin Baltimo, mai goyon bayan Kudu ne. Shi ya zana Linkon yana rubuta takardar da fuska a murtuke, ƙafarsa bisa kundin tsarin mulki, wani ɗan shaiɗan yana riƙe masa kurtun tawada. Hannun Volck yana da kyau, ba a musu. Sai dai gwanintar ta tafi wajen tsoratarwa. Ba ya kawo hujja, tsoro kawai yake shukawa, don mai kallo ya ɗauka ƴancin bawa aikin Iblis ne.

Na uku daga Ingila ya fito. A watan Oktoba 1862, bayan an yi shelar cewa takardar tana tafe, jaridar Punch ta Landan ta buga zanen John Tenniel. Linkon ne yake caca da wani sojan Kudu bisa gangar albarushi, ya ɗaga baƙar karta, wai ita ce ta ƙarshe da ta rage masa. Akwai raini a ciki, amma akwai gaskiyar da Carpenter ya rufe. Takardar makamin yaƙi ce. Linkon ya karanta wa ministocinsa ita tun Yuli 1862, sa'an nan ya jinkirta har sojojinsa suka tare na Kudu a Antietam cikin Satumba. Kuma ba ta shafi jihohin bauta da suka zauna tare da Arewa ba, kamar Maryland da Kentucky. Sai a Disamba 1865 gyara na 13 ga tsarin mulki ya soke bauta a ƙasar baki ɗaya. Kuskuren Tenniel shi ne da ya ɗauka dabara ce kurum ta wanda ya rasa mafita.

To, wanne ya fi? A ganinmu na Tenniel ya fi koyarwa, na Carpenter ya fi daɗin kallo, na Volck ya fi cutarwa. Amma aibi guda ya haɗa su. Wajen ɗaya bawa taswira ne, wajen ɗaya abin tsoro, wajen ɗaya kartar caca. Babu wanda ya nuna shi yana ƙwatar kansa, alhali baƙar fata kusan 180,000 sun ɗauki bindiga cikin rundunar Arewa.

Ka kuma san bakin mai zane yana juyawa. Da aka harbe Linkon a Afrilu 1865, Punch ɗin nan da ta sha yi masa ba'a ta buga zanen ta'aziyya, da hannun Tenniel ɗin dai.

Saboda haka, ɗan'uwa, yadda ka koyi karatun baƙaƙe, koyi karatun hoto. In ka ga zanen wani shugaba a jarida ko a bango, yi tambaya uku: wa ya zana, ɓangaren wa yake, wa kuma aka bari waje?