Daga Makau Zuwa Kadawa: Adawa Ba Gaba Ba Ce

Mai karatu, kwanan baya na sake kallon fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne korar Makau daga Kagara. Abokan zamansa a fada ne suka kai sukarsa wurin sarki don hassada. Labarin ya tsaru, babu shakka. Sai dai fa kusan duk finafinan sarauta da na kalla a wannan turbar suka maƙale: duk wanda ya ja da jarumi munafuki ne, shi ke nan.

Alhali rayuwar shi kansa marubucin ta nuna akasin haka. Ɓalewa da Malam Aminu Kano sun yi abota suna malaman makaranta a Bauchi a shekarun 1940. Siyasa ta zo ta raba musu hanya, wannan NPC, wancan NEPU wadda aka kafa a 1950. Duk da zafin adawar, da Ɓalewa ya zama Firayim Minista ya sa Malam cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka taɓa ganin irin wannan a fim ɗinmu?

Ba sai an je Bauchi ba ma. Wani dattijo a Bunkure ya ba ni labarin amininsa da suke maƙwabtaka a gonakin rani na Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bi. A zaɓen 1979 shi PRP yake yi, aminin NPN. Wata guda ba su gaisa ba. Amma da ciwo ya kwantar da shi alkamarsa na neman ruwa, wa ya shiga da dare ya buɗe masa hanyar ruwa? Ɗan NPN ɗin nan ne, kuma bai sauya jam'iyya ba.

To, a nan labari yake: mutum tsakanin aƙidarsa da amininsa, kuma kowanne da gaskiyarsa. Matasan da ke kallonmu su ne ake ba makami ranar zaɓe. In kullum muna nuna musu ɗan adawa maƙiyi ne, kada mu yi mamakin abin da zai biyo baya.

Marubuta da furodusoshi, ga Kura, ga Bunkure, dattawan nan suna raye. A je a tambaye su tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.