Jinjina ga Barmani Choge

A gidajen bikin Maradun da Bakura, in mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka hau kiɗa, da wuya a tashi ba a tuna Barmani Choge ba. Ita Barmani, wato Hajiya Sa'adatu 'yar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da wannan kiɗa na Amada daga tsakar gida zuwa dandali da rediyo. Bakinta ba linzami: ta taɓa kishiya, ta taɓa malalaciya, ta faɗi abin da ake raɗawa a ɗaka. Wasu sun ce ta cika batsa, ni kuwa gaskiyarta nake ji. Na fi sara mata kan nacin sana'a: mace ta soya ƙosai, ta murza ƙuli-ƙuli, ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, kada ta zauna jiran hannun miji.