Kalmar “Skill” ta Ingilishi da Matsalar Fassara ta da “Fasaha”

Wannan sharhi ya dubi wata ɗabi’a da ta zama ruwan dare a ayyukan fassara na ɗalibai, wato mayar da kalmar “skill” zuwa “fasaha” a duk inda ta fito.

Ingilishi ya aro kalmar daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya tsakanin ƙarni na 12 da na 13, a lokacin tana nufin rarrabewa da fahimta. A yau kuwa tana nufin iya aiki wanda koyo da yawan yi suka samar. Da wannan ta bambanta da “talent”, wadda ke nufin baiwa. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci zai tarar cewa a can ma ma’anar ta rabu tsakanin “compétence” da “habileté” da “savoir-faire”.

“Fasaha” kuwa Hausa ta aro ta daga Larabci, inda take nufin iya sarrafa harshe. Bahaushe ya faɗaɗa ta zuwa azanci da ƙirƙira, daga baya ta shiga “kimiyya da fasaha”. Saboda haka wanda ya fassara “reading skill” da “fasahar karatu” ya ɗora wa yaron firamare rigar da ta yi masa yawa, domin abin nufi “iya karatu” ne kawai.

Hausa tana da matakai uku a nan. “Iyawa” ita ce ta farko, kamar yadda ake cewa iya ruwa fid da kai. “Ƙwarewa” tana zuwa bayan an daɗe ana yi, don haka “skilled worker” ƙwararren ma’aikaci ne. “Gwaninta” kuwa sai jama’a sun shaida, shi ya sa a tsangaya ba kowane mahaddaci ake kira gwani ba.

Akwai kuma matsalar jam’i. Ingilishi yana ƙirga “skills”, amma “ƙwarewa” ba ta saba ɗaukar jam’i ba. A nan Hausa takan ambaci abin da aka iya: “skills acquisition centre” ita ce cibiyar koyon sana’o’i.

Ya kamata mai fassara ya fara tantance matakin da jimla take nufi kafin ya zaɓi kalma. Takardar shaidar da ta kira ɗan koyo gwani ta yaudari wanda zai ɗauke shi aiki.