Jerin Kalmomi ko Ƙamus: Wanne Ya Fi ga Mai Wasa Ƙwaƙwalwa?

Mutumin da ya ƙare ajin yaƙi da jahilci a Kankiya ko Kusada, ya iya karatun Hausa da boko, ba ya daɗewa sai ransa ya biya ga Turanci. Takardar asibiti da Turanci take, haka ta banki, haka allunan da ke bakin hanyar Katsina zuwa Kano. Cikin hanyoyin da mutane ke bi su ƙara sani akwai wasannin kalmomi, waɗanda a da sai a jarida ko a kan allo, yanzu kuwa ga su cikin wayar hannu. Littattafai iri biyu ne ke taimakon mai wasa, watau jerin kalmomi da ƙamus. Ya kamata a auna su, don kada mutum ya kashe kuɗinsa da lokacinsa inda babu riba.

Wasan da ya fi suna shi ne Scrabble, wanda wani Ba'amurke, Alfred Butts, ya ƙago a 1938. Allonsa na da gida 225, ƙwayoyin haruffansa 100, kowane ɗan wasa kuwa na riƙe da bakwai, yana harhaɗa su su zama kalma. Nijeriya ta yi fice a cikinsa, gama a 2015 Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, shi ne kuwa mutumin Afirka na farko da ya ci ta. Littafin da ke raba gardama a irin wannan gasa sunansa Collins Scrabble Words, kuma kalmomin da ke cikinsa sun haura 270,000.

Littafin yana da kyau ga abin da aka yi shi dominsa. Yana koya wa ido daidaitar haruffa, yana kashe musu nan take. Amma aibinsa babba ne ga mai neman harshe: kalmomi ne a jere kamar tsakuwa, ba a faɗi abin da suke nufi ba. A ciki akwai "aa", sunan wani irin dutse mai kaushi da ke fitowa daga dutse mai aman wuta, akwai kuma "za", gajeren sunan wani abincin mutanen Italiya. Bahaushe zai ga "za" ya ce ai ya san ta, alhali ba ta da dangantaka da tasa. Ko ya haddace dubun irinsu, ba za su karanta masa takardar likita ba. Shaida kuwa ita ce Nigel Richards, mutumin New Zealand, wanda ya haddace jerin kalmomin Faransanci ya ci gasar duniya ta wannan harshe a 2015, shi kuwa ba ya jin Faransanci. Bajinta ce, ba shakka, amma karatun aku ne.

Wasan cika gurbi, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a wata jaridar New York a 1913, halinsa dabam. Nan ma'ana ake ba mutum, shi ya nemo kalmar. Wannan ya fi kusa da kacici-kacicin da yara ke yi da dare a ƙofar gida, inda wanda bai san tsintsiya ba ba zai gane shanu dubu masu maɗauri ɗaya ba. Tarkon wasan shi ne kalma ɗaya mai fuska biyu. Kalmar "bank" banki ce, gaɓar kogi ce kuma. Kalmar "well" rijiya ce, lafiya ce kuma. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tun da yake shi ma yana rubuta gari na zama da gari na tuwo da haruffa iri ɗaya, sai zance ya raba su. A nan jerin kalmomi ba ya tsinana kome, sai ƙamus.

To, ƙamusan ma ba ɗaya suke ba. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, rumbu ne na Hausa, har yana nuna kalmomin da Katsinawa ke faɗa dabam da Kanawa, abin da zai daɗaɗa wa mutumin Kankiya rai. Sai dai daga Hausa yake zuwa Turanci, sashensa na Turanci kuwa taƙaitacce ne. Na Abraham, na 1949, shi ma daga Hausa yake tashi. Dukansu biyu Bature mai koyon Hausa suka fi wa amfani. Wanda ya juyo ya fuskanci Bahaushe shi ne Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965. Ƙarami ne, mai sauƙin ɗauka, amma ƙanƙantarsa kan sa mai wasa ya nemi kalma ya rasa. Na Roxana Ma Newman, na 1990, ya fi shi faɗi, yana rarrabe ma'anonin kalma ɗai ɗai, yana kawo misali cikin jimla. Misalin nan shi ne gishirin ƙamus, gama da shi ne mutum ke sanin inda ake aza kalma.

Saboda haka, wanda nufinsa cin gasa ne, jerin kalmomi ya ishe shi. Wanda kuwa ya shiga wasan don ya ji Turanci, ƙamus ya kamata ya fara nema. Duk kalmar da ya ci maki da ita, ya duba ma'anarta, ya rubuta ta cikin jimla a littafinsa, kamar yadda malamin aji ya koya masa da Hausa. Kalma biyar da mutum ya san ma'anarsu sun fi ɗari biyar da ya haddace kurum, gama da hanau gara mannau. Ranar da aka miƙo masa takarda daga ofis, waɗannan biyar ɗin ne za su fid da shi kunya.