Zariya, Inda Ake Koya wa Matuƙin Jirgi Buɗe Ido

Duk mutumin Ƙonni ko Galmi da ya taɓa bin motar albasa ya gangara kudu ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, ya san cewa da an wuce Samaru, kafin a shiga cikin Zariya, akwai wani fili a wajen Palladan da ƙananan jirage ke shawagi a kansa. Yawancin matafiya ɗaga kai kawai suke yi su wuce. Ni kuwa wurin nan ya shiga raina, kuma ba na ɓoyewa. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ce, wadda ake kira NCAT, an kafa ta a 1964 da taimakon hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO. A wurina, duk faɗin ƙasar Hausa babu kallon da ya kai na safiyar da ɗalibanta suka hau sama.

Tashi da sauka suna da daɗin kallo, amma abin da ya tafi da hankalina shi ne yadda jirage da dama, a hannun 'yan koyo, suke kewaya titi guda ɗaya tak, wannan na bin wancan, babu mai gogar wani. Ka tuna shataletalen Ƙonni ranar kasuwa, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke, ga manyan motocin simintin Malbaza. Can in ta cuɗe sai a taka birki, a danna ham, a yi cacar baki, kowa ya kama gabansa. A sama fa babu birki, babu ham, babu gefen hanya da za a raɓe. Jirgi in ya rage gudu fiye da kima faɗowa zai yi. Saboda haka tun kafin cunkoso ya samu ake warware shi, kuma wallahi yadda ake warwarewar abin a tsaya a yaba ne.

Akwai zagaye da aka tsara wa kowane titin jirgi, mai kusurwa huɗu. Ka tashi, ka juya, ka bi gefen titin a tsayin ƙafa 1,000, kimanin mita 300 ke nan, ka sake juyawa, ka miƙe ka sauka. A ƙa'idar duniya juyin hagu ake yi sai in an ce akasin haka, domin matuƙi a kujerar hagu yake zaune, ta nan ya fi ganin titin. Kowa a tsayi ɗaya, kowa ya fuskanci gefe ɗaya, sai ya zama ka san inda za ka nemi ɗan'uwanka da ido. In jirage biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya kauce damansa. In hanyoyinsu za su gitta, wanda ke dama shi ke da hanya. In biyu suna neman sauka, na ƙasa ake bari ya fara, shi kuma ba a yarda ya yi wayo ya kutsa gaban wanda ya riga shi miƙewa ba. Kai, wannan ladabi ya yi!

Sannan ga baki. Ɗalibi ba ya motsi a ɓoye. Zai faɗa ta rediyo ko shi wane ne, yana ina, me yake nufin yi. Mai kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya ya ba shi umarni, shi kuma ya maimaita abin da ya ji kalma da kalma, don in kunne ya yi kuskure a kama shi tun a baki. Sauran jiragen duk suna saurare, kowa na zana taswirar sama a cikin kansa.

Inda na fi jinjina wa malaman aikin nan shi ne darasin ido. Jirgin da zai buge ka ba ya motsi a gilashinka. Wanda ka ga yana ratsawa daga hagu zuwa dama, wannan zai wuce. Mai haɗarin tsayawa yake cak a wuri ɗaya, ɗan ɗigo, har sai ya zo dab sannan ya kumbura farat ɗaya ya cika gilashi. Idon ɗan Adam kuwa motsi yake saurin kamawa, abin da ya tsaya sai ya kuɓuce masa. Shi ya sa ake hana ɗalibi yawo da ido barkatai, ake koya masa ya yanka sama gunduwa-gunduwa, ya tsaya a kowace gunduwa kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya matsa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga ganin ɗigon, zuwa gane jirgi ne, zuwa yanke shawara, zuwa jirginka ya amsa ya kauce, ana bukatar daƙiƙa 12.5. Ƙananan jirage biyu masu gudun kilomita 185 a awa, in suka fuskanci juna, a wannan ɗan lokaci sun cinye kusan kilomita ɗaya da mita 300.

To yanzu kawo hazon hunturu, wanda mu mutanen Adar da Gobir muka sani farin sani, ranar da daga bakin gari ba ka hango bishiyar da ke bayan gona. Rana irin wannan lissafin ya riga ya ƙare, kafin ka ga ɗan'uwanka kun haɗu. Don haka dokar tashi da ido ta ce sai ana gani har nisan kilomita 5 a ƙananan tsayi. In bai kai ba, ɗalibi ya haƙura ya zauna a ƙasa, ko da kuɗin makaranta na tafiya, ko da zuciya na tafasa. Ina ganin girman makarantar da ke koya wa saurayi mai jini a jika cewa fasa tashi ma gwaninta ce.

Kowane jirgi kuma yana da inda matuƙinsa ba ya gani. Jiragen koyo na Zariya irin su Tampico TB-9 da Diamond DA40 fikafikansu a ƙasa suke, suna rufe abin da ke ƙarƙashi. Irin su Cessna 172 fikafikansu a sama suke, suna rufe abin da ke bisa. Mai fiffike a ƙasa yana saukowa, mai fiffike a sama yana ƙarƙashinsa, babu mai ganin wani: wannan ita ce haɗuwar da malamai ke tsoro. Shi ya sa kafin ɗalibi ya fara kowane atisaye sai ya karkata jirgi hagu da dama ya leƙa ko'ina.

Waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka saye su. Ranar 25 ga Satumba 1978, a birnin San Diyego na Amurka, wani Boeing 727 na fasinja ya sauko kan wata Cessna 172 da malami da ɗalibinsa ke atisaye a ciki. An gaya wa matuƙan babban jirgin akwai ƙaramin, sun gan shi, daga baya ya ɓace musu a ƙarƙashin hancin jirginsu, ba su kuma fito fili sun ce ya ɓace ba. Mutum 144 suka rasu, har da bakwai da ke ƙasa. Yau manyan jirage na ɗauke da na'urar TCAS, wadda ke jin kusantowar wani jirgi ta ce wa ɗaya hau, ta ce wa ɗayan sauka. Amma a zagayen 'yan koyo har gobe ido da kunne su ne jari, kuma ɗalibin da ya iya cewa "ya ɓace mini" ba tare da jin kunya ba, ya ci rabin jarrabawa.

Wani abin da ya ƙara mini ƙaunar Zariya shi ne a harabar nan ɗaya ake horar da matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage da injiniyoyi. Wanda zai ba da umarni daga hasumiya da wanda zai karɓa a sama tare suke tasowa, kowa ya san nauyin da ke kan ɗan'uwansa. A nan Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, ta kuma dawo ta shugabanci kwalejin a 2011. Madalla da makarantar da ɗalibarta ke dawowa ta riƙe ta.

Mu ma a Nijar muna da abin alfahari. A Yamai akwai makarantar EAMAC, tun 1963, ƙarƙashin hukumar ASECNA, inda 'ya'yan ƙasashen Afirka da dama ke koyon kula da zirga-zirgar jirage da hasashen yanayi. Jirgin nan mai barin farin layi da ka gani ya ratsa saman Illela ko Malbaza ya nufi kudu, muryar Yamai ce ke riƙe da shi, da ya kai iyaka kusa da Ƙonni sai ta miƙa shi ga Kano. Can sama ma tsari ne: mai zuwa gabas ya ɗauki tsayi mara, kamar ƙafa 35,000, mai zuwa yamma ya ɗauki cika, kamar 34,000. Ranar 5 ga Satumba 2015, a gabashin Senegal, wani ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya da ya taso daga Wagadugu zuwa Dakar, wanda aka ba shi 34,000, ya kasance a 35,000, ya gogi Boeing 737 na kamfanin Ceiba. Babban ya sauka lafiya a Malabo, ƙaramin ya faɗa teku da mutum bakwai. Ƙafa 1,000 ce kawai tsakanin lafiya da makoki, kuma ita ɗin ce ake fara koya wa ɗalibi riƙewa tun a zagayen farko.

Ina roƙon iyayen Ƙonni da Malbaza da Illela, in kuna da yaro ko yarinya mai kaifin lissafi da natsuwa, ku sa shi ya dage da Ingilishi, domin da shi ake magana a rediyon jirgi a ko'ina cikin duniya, ku kuma sa kunne ga sanarwar jarrabawar shiga EAMAC.