Dara Ta Ci Gida: Sharhi a Kan Wani Wasa a Abuja

Darar Turawa, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, ba baƙuwa ba ce a Abuja, domin tana cikin wasannin da aka fafata a Gasar Wasannin Afirka da birnin ya karɓi baƙunci a 2003. Sai dai wasan da za mu duba a nan ba na gwanaye ba ne. Wasu matasa biyu ne masu matsakaicin ƙarfi suka kara a wata ƙaramar gasa, muka sami takardar da suka rubuta takunsu, muka karanta ta kamar yadda muke karanta ƙagaggen labari.

Mai farare ya fito da sarauniyarsa tun a taku na 4, tana yawon tsintar dakaru, alhali dawakinsa da giwayensa na zaune a gida. Wannan shi ne marubucin da ke tura tauraro fage kafin ya shimfiɗa labari. Mai baƙaƙe ya yi ta korar ta yana jera rundunarsa, har ya ritsa ta a taku na 19.

A nan wasan ya fara ƙayatar da mu. Da mai baƙaƙe ya ga nasara a hannu, sai ya saki jiki. Sarkinsa na lungu bayan dakaru 3 da bai taɓa motsa ko ɗaya ba, wato ba shi da kafar numfashi. Ya kwashe hasumiyoyinsa biyu zuwa farauta, sai ragowar hasumiyar abokin karawarsa ta sauka a layin baya. Taku na 31, dara ta ci gida.

Kwamfuta za ta nuna kurakuran nan cikin ƙiftawar ido, amma ba za ta faɗi jigon ba: zarin na farko da sakacin na biyu ciwo ɗaya ne, kowannensu ya daina tambayar abin da ɗan'uwansa ke nufi. A wasan gwanaye irin wannan ɗinki a ɓoye yake. A nan kuwa zaren a fili yake.

Shi ya sa muke ganin an yi gaggawa a muhawarar Adabin Kasuwar Kano ta shekarun 1990, inda wasu manazarta suka auna littattafan matasa da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, suka watsar. Da an bi su taku-taku kamar takardar nan, da ɗalibanmu sun ga daidai shafin da labari ke kuɓuce wa mai shi.