Wa Ke da Ikon Ma'anar Kalma?

Akwai wata gardama da Turawan Ingila da na Amurka suka daɗe suna yi a kan harshensu. Waɗansu malamansu suna cewa kalma ba ta da ma'ana sai wadda masana suka yanke mata. Ni a ganina sun yi kuskure, ga kuwa dalili.

A shekarar 1758 wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya jera dabbobi aji-aji, ya ba kowace iri suna biyu cikin Latin. Ya cire ƙaton dabbar teku da suke kira "whale" daga cikin kifaye, ya sa ta cikin masu shayarwa, tare da jemage. Duk da haka, a 1818 wata kotu a New York ta yanke cewa manta man kifi ne, gama haka aka san shi a kasuwa. A 1893 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce tumatir kayan lambu ne wajen haraji, ko da yake masana suna lissafa shi cikin 'ya'yan itace. Masani bai yi ƙarya ba, ɗan kasuwa ma bai yi ba. Kowa da mudun da yake awo.

To, haka zancen yake ga lamiri. Bature yakan ce "he" ga namiji, "she" ga mace. In ba a san ko wanne ba ne fa? Tun ƙarni na 14 mutane suke cewa "they", watau "su". Malaman nahawu na ƙarni na 18 suka hana, suka ce "he" ya wadatar. A 1850 har Majalisar Ingila ta yi doka cewa lafazin namiji cikin dokoki ya haɗa da mace. Amma bakin jama'a bai bi ba. A 2019 ƙamus na Merriam-Webster ya ƙara wa "they" ma'anar mutum guda wanda ba ya kiran kansa namiji ko mace.

Masu ƙi suna cewa jam'i ba ya zama tilo. Sun manta "you" nasu da can jam'i ne, ya kori "thou". Mu ma mukan ce wa dattijo "ku", ba kuwa wanda ya taɓa zaton mutum biyu ne.

Saboda haka masani yana da iko kan sunayen da ya ƙaga domin aikinsa, amma maganar yau da kullum ta masu yin ta ce. Aikin ƙamus aikin akawu ne: abin da aka faɗa shi yake rubutawa, ba ya yanke hukunci. Allah ya sa mu gane.